Metal Gear Solid: da kuka sake bugawa, wanne ya riƙe ku?

Baban_Amira

Assalamu alaikum jama'a.

Tun bayan ƙaramar Sallah nake sake bin jerin wasannin sanɗa na Metal Gear Solid ɗaya bayan ɗaya, da dare in na rufe shago yara sun yi barci. Na fara da na 1998, na bi da na 2 da na 3, na tsallake na 4 saboda ba ni da PS3 a hannu, sai na dire a na 5, wato Phantom Pain. Abin da nake so in ji daga bakinku shi ne, wanne ne in kun gama shi yau, gobe ma za ku iya ɗauko shi daga farko? Ba wanda ya fi kyan hoto nake tambaya ba.

Ni dai nawa na 3 ne, Snake Eater, kuma ina faɗin haka alhali na san Phantom Pain ya fi shi daɗin hannu nesa ba kusa ba. A na 5 duk abin da ka so Snake, jarumin wasan, ya yi zai yi maka nan take, ya ruga, ya faɗa ƙasa, ya mirgina yana saiti. Amma ina cikin wani sansani a Afganistan sai na lura gabana ba ya faɗuwa ko kaɗan. Na hau tudu na saka wa kowane soja alama da madubin hangen nesa, ina ganinsu ta bayan bango. Karen nan D-Dog yana shinshino mini wanda na manta. In wani ya hango ni, lokaci ya ja baya-baya, an ba ni dama in ɗirka masa allurar barci a ka. In ya kwanta in ɗaura masa balan-balan ya yi sama, babu gawa babu shaida. Makashin ƙarar bindiga ya lalace, in kira a jefo mini sabo. To tsoron me zan ji?

Na 3 kuwa a 1964 aka kafa labarin, cikin dajin Tarayyar Sobiyet, don haka radar nan mai nuna maka inda idon kowane mai gadi yake kallo babu ita. Abin da kake da shi lamba ce a saman allo ta hannun dama, tana gaya maka kashi nawa ka saje da wurin da kake. Ka kwanta cikin ciyawa da kakin da ya dace da fentin fuska, ta haura 80. Ka miƙe ka ruga, ta zube. Yunwa ta kama Snake, hannunsa ya riƙa rawa wajen saiti, cikinsa ya yi ƙugi har mai gadi ya ji ya taho dubawa. Naman da ka farauto in ka bar shi ya ruɓe. Ka fita daga fadama ka ga ƙarfinka yana ta raguwa, ashe matsattsaku ne ya manne maka, sai ka ƙona shi da sigari.

Abin da ya fi burge ni a wannan karon shi ne rumbun abinci. Da muna yara ban kula da shi ba, wucewa kawai muke yi. In ka sa wa rumbun abincin sojojin nakiya, sai yunwa ta kama waɗanda ke yankin, ka ji suna ƙorafi, kuma duk abin da ka jefa musu sai su ɗauka su ci, ko ruɓaɓɓe ne ko mai guba. In rumbun harsasai ka tarwatsa, harbinsu ya ragu. Wasan bai taɓa tsayar da kai ya ce je ka yi haka ba. A faifan PS2 na 2004 fa.

Sai kuma kogin The Sorrow, bos ɗin nan mai kama da fatalwa. Duk sojan da ka kashe tun farkon wasa zai taho maka cikin ruwan nan da irin mutuwar da ka yi masa, wanda ka yanka yana tafe da wuya a yanke, wanda ka ƙona yana ci da wuta. Bana da na bi da bindigar barci kusan fayau na ratsa kogin. Ban ga wani wuri a na 5 da ya yi wa ɗan wasa hisabi irin wannan ba.

Ba na ce ba shi da aibu ba. Tsayar da wasa kowane ɗan taki don canza kaki yana gundura, haka shiga shafin jinya a ciro harsashi, a wanke, a ɗinke, a naɗe. Kuma bugun farko da muka sani a gidajen gem, kyamararsa daga sama take, soja ya gan ka daga wajen allo kai ba ka gan shi ba. Sai da Subsistence, bugun na 3 da aka sake gyarawa, ya fito da kyamarar da kake juyawa da kanka sannan dajin ya gyaru. Duk wanda zai koma, ya nemi wanda ke da wannan kyamarar.

To bismillah, ku kawo naku.

Sadiq_KD

Wa alaikumus salam Yaya Baban Amira. Da girmanka, amma a nan ban bi ka ba.

Duk abubuwan da ka lissafa a na 5 ai kai ka ɗauko su. Jan lokacin nan ana kashe shi a saiti, har ƙarin maki ake ba wanda bai yi amfani da shi ba. Karen kai ka zaɓe shi kafin ka sauka daga jirgi. Ka bar shi a gida, ka kashe alamomin, ka shiga babban sansanin nan na OKB Zero da rana tsaka, sannan ka dawo ka ba mu labarin faɗuwar gaba.

Kuma sojojin na 5 suna koyon halinka. Ka cika harbin kai, su fara sa hular kwano. Ka cika zuwa da dare, su samo tocila da tabaran gani a duhu. Ka cika jefa hayaƙin barci, su rufe fuska. Har mutum-mutumin roba suke kafawa a bakin shinge, ka ɓata allura a kansa. In abin ya ishe ka sai ka tura mutanenka su lalata ma'ajiyar hulunan, ka samu sauƙi na ɗan lokaci. Ga guguwar rairayi da ke rufe musu ido, ga ruwan sama a iyakar Angola da Zayar da ke ɓoye ƙarar sawunka. Ka fasa na'urar sadarwar sansani, su kasa kiran ɗauki daga maƙwabta. Ka kama soja ka tambaye shi, in ba ka sato tafinta ba tukuna, ba za ka fahimci ko kalma ɗaya ba, ko Rashanci ne ko Afirkans ko Kikongo.

Maganar Kikongo ma ta tuna mini. Lokacin da annoba ta ɓarke a Mother Base, hedikwatar rundunarka, wasan ya bar ka da jerin sunayen ma'aikatanka, mutane suna ta mutuwa, kai za ka gano abin da ya haɗa su. Na zauna ina buɗe takardar kowa ɗaya bayan ɗaya har na lura harshen da suke ji ne. Sannan ga aiki na 43, inda za ka shiga wurin killacewa ka harbe mutanen da kai da hannunka ka kwaso su daga fagen daga, wasu suna sara maka. Ka ce babu hisabi a na 5? Wannan fa?

Su kuma sojojin na 3 da kake yabo, in lambarka ta kai 90 sai mutum ya kusa taka ka bai gan ka ba. Kuma bindigar barci Mk22 a ka tana gama kowace matsala a can ma. Ga batun maɓalli: a PS2 in ka riƙe soja da maɓallin da'ira, danna kaɗan riƙewa ne, danna da ƙarfi yankan wuya. Hannayen gidan gem ɗin unguwarmu duk sun sha jiki, wasu ma ba na asali ba ne. Kana son ka tambayi mutum hanya sai ka ga jini.

Inda zan yarda da kai guda ne, a na 5 filin da ke tsakanin sansanoni babu kowa babu komai, kuma babi na 2 maimaici ya yi masa yawa. Shi ya sa in ana maganar sanɗa zalla, ni Ground Zeroes na 2014, share fagen na 5, nake komawa. Sansani ɗaya ne tal a Kyuba, cikin dare da ruwan sama da fitilun hasumiya, babu balan-balan, fursunan da ka ceto a kafaɗa za ka ɗauke shi har wurin jirgi. Ƙarami ne amma babu lungun banza a cikinsa.

Elh_Maradi

Salamu alaikum. Ku yara kuna gardamar na 3 da na 5, mu da na farko munka buɗe ido.

Nan Maraɗi bugun Turai ya zo muna, wanda anka yi wa murya da Faransanci, shi ya sa munka fahimci labarin tun muna lakwal. Faifai biyu ne, kuma na kwafi ne cikin leda, babu kwalinsa na asali. Wanda ya buga ya san inda zance ya dosa. Baker, shugaban ArmsTech, zai ce maka lambar rediyon Meryl tana bayan kwalin faifai. Mu muna ta neman kwali cikin kayan Snake, ashe kwalin da kake saye a kanti ake nufi, wanda mu ba mu da shi. Lokacin babu intanet a hannun kowa. Wani yaro da wansa ke karatu a Yamai shi ya zo muna da ita rubuce a takarda, 140.15. Har yau ban manta ta ba.

Faɗan bos ɗin nan Psycho Mantis kuma, da allo ya yi baƙi munka ɗauka talabijin ce ta lalace. Sai da munka gane a cire hannu daga rami na ɗaya a mayar na biyu sannan harsashi ya fara samunsa.

Amma Malam Baban Amira ya ce a faɗi wanda ya riƙe mutum da ya sake bugawa, to zan faɗi gaskiya. Na koma Shadow Moses, tsibirin da anka kafa na farko, bara, na tarar sanɗar da ke cikinsa ba ta da yawa. Farkonsa ne ke da ita: bakin ruwa, filin saukar jirgi inda mai gadi ke bin sawunka cikin ƙanƙara, ɗakin tankoki, ƙwanƙwasa bango don a janyo mutum. Daga nan bos ne bayan bos, da komawa baya neman bindigar PSG1, da yawon ɗumama katin nan da sanyaya shi. Labari da muryoyi ke ɗauke da shi.

Wanda ya ba ni mamaki na 2 ne, kuma ba wanda ya ambace shi cikinku. Mun tsane shi a 2001 don an ƙwace muna Snake an ba mu Raiden. Ku koma kan jirgin ruwan nan na farko a kogin Hudson ku duba da idon manya. Mai gadi yana ganin inuwarka a kwana. Ka shigo daga ruwan sama, sawunka jiƙaƙƙe ya tona ka. Ka kwantar da mutum ba ka ɓoye shi a kabad ba, wani ya tarar da shi. Wasu suna ba da rahoto ta rediyo lokaci-lokaci, in anka ji shiru sai a turo masu dubawa. In anka gan ka kuma, ba su mantawa cikin sakan goma, tawaga ce ke zuwa da garkuwa tana share ɗaki-ɗaki tana buɗe kabad, kai kana ciki kana leƙe ta ramukan ƙofa. Ɗakunan matsattsu ne, babu dajin gudu babu doki. A wajena wannan ita ce sanɗar Metal Gear da ta fi tsauri, sai dai ka yi haƙuri da surutun Rose, budurwar Raiden, ta rediyo.

Ummi_Zazzau

Sannunku da hira. Ni ban taso da PS2 ba, a waya na san Metal Gear, ta PPSSPP, manhajar buga wasannin PSP a waya, don haka nawa Peace Walker ne na 2010.

Dalilina ba mai zurfi ba ne irin naku. An yi shi don PSP, ayyukansa gajeru ne, wasu ba su wuce minti goma ba. Tsakanin lacca da lacca sai in gama ɗaya in adana. In an ɗauke wuta ma babu ruwana. Kuma duk abin da Sadiq yake yabo na gina Mother Base da satar sojoji da balan-balan, a nan aka fara shi sosai. Labarin a Kosta Rika yake, 1974, ƙasar da ba ta da rundunar soja, shi ya sa aka je neman su Snake da Miller. Wanda bai buga shi ba zai shiga Ground Zeroes bai san wace ce Paz ko Chico ba, balle ya damu da ceto su.

Matsalarsa, Snake yana kwanciya amma ba ya rarrafe, kuma manyan injinan nan, Pupa da Chrysalis da Cocoon, an yi su ne da tunanin mutum zai buga da abokai har huɗu. Kai kaɗai da yatsa a kan gilashin waya, wahala ce. Sai da na sayi ƙaramin hannu mai haɗuwa da waya na iya wuce Cocoon.

Wani abu kuma da ku maza ba ku faɗa ba. Na 5 ɗin nan da ƙanena yake bugawa a falo, in Quiet, maharbiyar nan, ta fito sai ya yi ta neman rimot. Shigarta ba ta kalluwa a gaban iyaye, kuma dalilin da labarin ya bayar wai ta fata take numfashi bai gamsar da ni ba. Daga baya ana iya buɗe mata kakin soja mai rufe jiki, amma kafin nan fa? EVA ta na 3 ma Baban Amira kada ya yi shiru a kanta.

Baban_Amira

Malama Ummi, maganarki dutse, shi ya sa na ce sai yara sun yi barci.

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Batun jirgin ruwa na karɓa hannu biyu, musamman cikin ɗakin nan da sojojin ruwa suka yi sahu suna sauraron jawabin kwamandansu kai kana rarrafe a bayansu za ka ɗauki hoton injin yaƙin nan RAY. Da dukan wasan haka yake da ban buɗe wannan zance ba. Big Shell, inda sauran wasan yake, shi ne ya yi mini kama da juna, gada da ɗaki, gada da ɗaki, duk launi ɗaya. Sai dai jawabin ƙarshen nan kan yadda bayanai za su yi wa duniya ambaliya, kowa ya shige cikin 'yan uwan ra'ayinsa ya daina jin na waje, da na ji shi bana sai da na ajiye hannu na saurara. An rubuta shi kafin a san Facebook.

Sadiq ƙanena, aiki na 43 ka kama ni, wurin yana da nauyi. Amma ka lura, kowa sai ya yi wannan harbin, ko ya buga da tausayi ko da ta'adi. Kogin Sorrow kuwa aikin hannunka ne kaɗai ke zuwa maka. Har wanda ka kashe ungulu ta ci gawarsa kai kuma ka ci ungulun, zai zo yana cewa ka cinye shi.

Maganar in kashe wannan in bar wancan a gida kuma, na gwada, kuma wasan yana daɗi haka. Sai dai azumin nafila ne a gidan biki, abinci na gabanka, ko yaushe ka ga dama ka karya. Da abu ya yi zafi sai yatsa ya tafi kiran jirgi ya yi ruwan wuta. A na 3 babu wanda za ka kira ya kawo maka komai.

Ka kwatanta faɗan The End na 3 da na Quiet a na 5, tunda duka na maharban nesa ne. Tsohon nan ya haura shekara 100, filin faɗan yanki uku ne na daji, babu kiɗa, sai kukan tsuntsaye. Kana neman ƙyallin madubin bindigarsa, ko ka kasa kunne da na'urar jiyo sauti ka ji numfashinsa, ko ka bi sawunsa da tabaran zafi. Ba ya kashe ka, in ya gama da ƙarfinka ɗaukarka yake ya mayar da kai kurkuku can baya, ka sake takowa. Kana iya lallaɓawa ta bayansa ka ɗora masa bindiga ya ba ka kakinsa. Kana iya harbe shi tun da wuri a bakin ma'ajiyar nan yana kan keken guragu, sai a zuba maka sojojin Ocelot a madadinsa. Ko ka adana wasa cikin faɗan ka bar shi mako guda, ko ka tura agogon na'ura gaba, ka dawo ka tarar tsufa ya kashe shi. Na Quiet yana da kyau, amma da zarar ka saka mata alama sai ka kira a jefo akwatin kaya a kanta, sau biyu an gama.

Yanzu wa ya taɓa Delta, sabon ginin na 3, a cikinku? Ina jin tsoron in sa kuɗina in tarar fenti kawai aka sake.

Sadiq_KD

Yaya ai akwatin nan ma dabara ce irin ta tura agogo, kada ka yi son kai.

Delta na buga shi a PS5 ɗin abokina. Ya fito 28 ga Agusta 2025, an gina shi da Unreal Engine 5, babu hannun Kojima, maƙirƙirin jerin, tunda ya bar kamfanin Konami tun 2015. Muryoyin na asali ne, da David Hayter da sauran, taswirar ma ita ce, yanki-yanki kamar da, har tsanin nan mai tsawo yana nan. Abin da aka taɓa duk inda ka yi ƙorafi ne. Kana canza kaki da maɓalli ɗaya ba sai ka shiga shafi ba, kana tafiya a duƙe, kuma akwai zaɓi biyu, sabon salo mai kyamara ta bayan kafaɗa ko tsohon mai kallo daga sama. Raunin da Snake ya ji yana barin tabo a jikinsa har ƙarshen wasa. A sabon salon allurar Mk22 tana faɗuwa in nisa ya yi yawa, dole ka ɗaga saiti ko ka matso kusa, don haka abin da na zargi na 3 da shi an rage shi.

Idan sabon abu kake nema babu. Idan na 3 kake so ba tare da wahalar shafuka ba, shi ne. In a kwamfuta za ka sa, ka tanadi wuri kusan 100GB, kuma kada ka ce da datar waya za ka sauke shi.

Elh_Maradi

Kafin ka sayi Delta, Malam, wane mataki ka buga na 2 da shi? In Normal ne, koma ka sa European Extreme, ka kunna zaɓin da gani ɗaya ke ƙare wasa, ka kashe rada, ka yi jirgin ruwan kaɗai. Sa'annan ka zo mu sake lissafi.